Wace Manhaja Ce Ta Dace Da Mai Zanen Faɗakarwa A Ƙasar Anka?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya san ƙasar Anka da Bukkuyum bai manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara ƙanana aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF sun ba da magani, an kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa, har aikin ya kai Bagega a 2013. Amma jan kunnen jama'a ba ya ƙarewa, kuma ba abin da ke isar da saƙo ga wanda bai yi boko ba kamar hoto.

To, a nan gizo ke saƙar. Magidanci ba zai yarda a shiga gidansa a ɗauki hoton iyalinsa domin a manna a bangon asibiti ba, kuma bai kamata a yi tallar fuskar yaro marar lafiya ba. Saboda haka ne muka ga ya dace mu duba wa ma'aikatan lafiya da ɗalibai manhajojin kwamfuta da ake ƙera mutum-mutumi da su, watau surar mutumin da ba a taɓa haihuwa ba.

Aikinsu kusan iri ɗaya ne. Ana ba ka siffar mutum mai ƙasusuwa a ciki, ka lanƙwasa gwiwa ko gwiwar hannu yadda kake so, ka sa masa tufafi, ka daidaita haske. Daga nan kwamfuta ta lissafa yadda hasken zai faɗi a kan fata da tufa, ta fitar da hoto. Wannan mataki na ƙarshe, wanda za mu kira wankin hoto, shi ne mai cin lokaci da wuta.

Tsohuwarsu ita ce Poser, wadda wani Ba'amurke, Larry Weinberg, ya ƙirƙira aka fitar a 1995 domin ta maye gurbin 'yar tsanar katako da masu zane ke kwaikwaya. Ta sha canza iyayen gida, har ta koma hannun kamfanin Bondware a 2019. Tana da daraja, amma sayenta ake yi da dala, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibin Gummi ya wuce ta.

Daz Studio kuwa, ta kamfanin Daz 3D da ke Jihar Yuta ta Amurka, kyauta ake saukar da ita. Ta fito a 2005, kuma jerin mutanenta da ake kira Genesis sun fara a 2011, aka kai Genesis 9 a 2022. Gaskiya ita ce, cikin waɗannan manhajoji ba wadda ta kai ta saurin ba da kyakkyawan hoto ga sabon shiga. Sai dai kyautar tata irin ta ɗan kasuwa ce: manhajar ba kuɗi, amma gashi da riga da takalmi da ɗaki yawancinsu sai an saya a shagon kamfanin. In ka shiga shagon kuma, za ka tarar da kayan mayaƙan tatsuniya da na 'yan matan Turai birjik, amma babbar riga da hula ƙube da zani da hijabi sai an tona. Bugu da ƙari, injin wankin hotonta, Iray, na kamfanin NVIDIA ne, kuma bai cika sauri ba sai da katin hoto na kamfanin. A kan kwamfutar ofis ta yau da kullum, hoto ɗaya yana iya cin sa'o'i, alhali wutar ba ta da tabbas, man janareta kuma ba kyauta ba ne. A lura kuma: an yarda ka sayar da hoton da ka wanke, amma sanya ainihin siffar cikin wasan kwamfuta yana bukatar wani lasisi dabam.

Ta uku ita ce MakeHuman, wadda wani ɗan Italiya, Manuel Bastioni, ya assasa, cikakkiyar fitowarta ta farko kuma ta zo a 2014. Ba ta da ƙyale-ƙyale, mutanenta ma sukan fito kamar ba su ci abinci sun ƙoshi ba in ba a gyara su ba. Amma tana da abin da mai faɗakarwa ke nema. Da jan ma'auni kaɗan za ka mai da siffar jariri ko tsoho, siriri ko mai ƙiba, kuma akwai ma'auni na musamman na siffar Ba'afirke. Ba ta da nauyi, ba ta neman intanet bayan an sauke ta, kuma abin da ka ƙera naka ne, ba wanda zai biyo ka bashin lasisi.

Raunin MakeHuman shi ne ba ta iya wankin hoto na kirki, sai an kai mutumin cikin Blender. Ita Blender, ta Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan, ta zama ta kowa da kowa a 2002 bayan masoyanta sun tara Yuro 100,000. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Koyonta da wuya, kada kowa ya ruɗe ka; makonnin farko duk ciwon kai ne. Amma a cikinta ne mutum zai ɗinka babbar riga da kansa, ya sassaƙa turmi da taɓarya, ya gina zaure da katangar laka irin ta Bagega. Injinta mai suna Eevee, wanda ya zo a 2019, yana fitar da hoto cikin ɗan lokaci ko a kan kwamfuta matsakaiciya.

A ganin wannan wakili, ofishin da ke da kuɗi da kwamfuta mai ƙarfi, kuma yake son hoto gobe da safe, ya ɗauki Daz Studio, ya kuma shirya fama da maganar tufafi. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko ma'aikacin sashen lafiya na ƙaramar hukumar Bukkuyum, gara ya haɗa MakeHuman da Blender. Kafin a buga kowane hoto kuma, a fara nuna shi ga matan ƙauye biyu ko uku, a tambaye su abin da suka gani. In sun ce baƙuwa ce ke wanke wa ɗanta hannu, sai a koma a gyara ɗaurin zanin.