Yadda salon rubutu ke ƙaura tsakanin takardun Word, da yadda yake tona asirin jabu

A shagunan buga takardu na Jega da na kewayen jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ba kasafai ake tsara takarda daga tushe ba. Mai bugawa kan buɗe tsohuwar wasiƙa ko kundin kammala karatu, ya goge kalmomin, ya zuba sababbi, tsarin kuwa ya zauna daram. Dabarar halal ce, tana kuma rage wahala. Sai dai ita ce ke sa takardar ɗaukar aiki ta bogi ta yi kama da ta gaskiya a idon matashin Mungadi da aka turo wa ta WhatsApp, ana neman ya biya kuɗi.

A manhajar Microsoft Word, salo umarni ne mai suna wanda ke tattare da nau'in haruffa, girmansu da tazarar layuka. Ana ajiye salo a cikin samfuri, wato fayil ɗin da ake gina sababbin takardu a kansa. Babban samfurin da ke kowace kwamfuta sunansa Normal.dotm, kuma daga gare shi sabuwar takarda ke gadon kamanninta idan ba a zaɓi wani ba.

Salo na ƙaura ta hanyoyi uku. Ana iya kwafo rubutu tare da tsarinsa na asali. Ana iya liƙa wa takarda wani samfuri, a umarci manhajar ta sabunta salonta. Ana kuma iya buɗe akwatin Organizer, wanda ke jera salon fayil biyu gefe da gefe, a kwashe daga wannan zuwa wancan. Idan suna ya zo ɗaya, sabon salo kan maye gurbin tsoho bayan manhajar ta nemi amincewa.

Ke nan duk wanda fayil ɗin wata ma'aikata ya faɗa hannunsa zai iya fitar da wasiƙa mai kama da tata cikin mintuna. Amma wanda ya sake buga tsohuwar takarda a sabuwar kwamfuta kan jawo salon zamaninsa ba tare da ya sani ba.

Irin wannan zargi ne ya girgiza siyasar Pakistan a 2017. Kwamitin da ya binciki dukiyar iyalan Firaminista Nawaz Sharif bayan fallasar takardun Panama ya gano cewa wata takarda mai kwanan watan 2006, wadda 'yarsa Maryam Nawaz ta gabatar, an buga ta ne da haruffan Calibri, waɗanda ba su shiga kasuwa ba sai a Janairun 2007. Magoya bayanta sun kafa hujja da cewa akwai sigar gwaji tun kafin lokacin. Kotun Ƙoli ta tsige Sharif ranar 28 ga Yulin 2017 bisa wani dalili daban, kuma a 2022 wata kotu a Islamabad ta wanke Maryam. Haruffa na iya tayar da shakku, ba sa yanke hukunci su kaɗai.

Ma'aunin yana nan da amfaninsa. Calibri ya gaji Times New Roman a Word na 2007, sannan a 2023 Microsoft ya sanar da Aptos a matsayin magajinsa. Takardar da aka ce ta 2018 ce amma aka buga ta da Aptos, akwai lauje cikin naɗi. Haka ma idan suna ko kwanan wata ya saɓa wa sauran rubutun a girma ko tazara, alama ce ta cewa daga baya aka cusa shi.

Kyan tsari dai ba shaida ba ce, domin tsari ne abu mafi sauƙin sata. Kafin mai neman aiki ya fitar da ko sisi, lambar wasiƙar da ofishin da aka ce ya fitar da ita su ne abin bincike, a je can a tambaya.