Dariyar Biki Ba ta Mutum Ɗaya Ba Ce

A ƙauyukan Minjibir, Kirsimeti kan same mu bayan kaka. Dawa ta shiga rumbu, yaranmu da ke aiki a Kano sun dawo gida. In an ci tuwon dare, sai a nemi abin dariya.

A shekarun 1980, gidan da ke da talabijin shi ne dandalin unguwa. Manya a tabarma, yara a ƙasa, kowa na jiran Samanja Mazan Fama, wasan da marigayi Usman Baba Pategi ya yi suna da shi daga Kaduna.

Turawa ma suna da irin nasu. A ƙasar Sukotlan, BBC ta nuna wasan ban dariya mai suna Still Game tsakanin 2002 da 2019. Labarin tsofaffi biyu ne, Jack da Victor, waɗanda matansu suka rasu. 'Yar Jack tana Kanada, ɗan Victor yana Afirka ta Kudu. An shirya wasan musamman na Kirsimeti a 2005, da na daren sabuwar shekara a 2006. Mutane sun sha dariya, amma ƙarƙashinta akwai kaɗaicin tsufa.

Mu ma kaɗaicin nan ya fara shigo mana. Yau kowane yaro yana dariya shi kaɗai da wayarsa, kakarsa kuwa tana ɗaki shiru. Bana mu shimfiɗa tabarma ɗaya, mu kira tsofaffinmu, har da gwauruwar maƙwabta, a yi dariyar tare.