WAYAR DARE, KWAƊAYIN ZAƘI DA SHIRIN DA BA YA CIKA

 

Darasinmu na yau a kan abu uku ne da mutane ke ɗauka daban-daban, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su: daɗewa a kan waya da dare, yawan shan zaƙi irin su cakulet da alawa da lemo, da kuma shirya abu kullum amma a kasa aiwatarwa. Idan kana fama da biyun ƙarshe, to ka fara duba na farkon, don galibi daga can ɓarakar take.

Mu fara da lissafi. A nan Wudil ana idar da Isha wajen ƙarfe 8, ana kiran Asuba wajen ƙarfe 5. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 ya samu awa 7, kuma shi ne mafi ƙarancin barcin da likitoci suka ce baligi yana buƙata. Wanda kuwa ya tsaya jiran datar dare mai araha, yana zagaya TikTok da Facebook har ƙarfe 1, awa 4 kacal ya samu. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna melatonin, da duhu jiki ke sakinsa don ya kira barci. Hasken waya a fuska yana jinkirta shi, ga kuma bidiyo na bin bidiyo, zuciya ba ta samu ta lafa ba. Tun kafin zuwan waya, Bukhari ya ruwaito daga Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin Isha da hira bayanta. Malamai sun togace neman ilimi da zama da iyali da baƙo. Kai ka san a wane ɓangare hirarka take.

To ina ruwan barci da zaƙi? Idan barci ya gaza, sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa, mai sanar da ƙoshi kuma yana raguwa. Gajiyayyen jiki sai ya riƙa neman abin da zai ba shi ƙarfi nan take. Shi ya sa za ka ga mutum da safe ya zuba Milo ko Bournvita, waɗanda da ma da sukarinsu, ya ƙara madara, ya kuma jefa ƙwayar sukari 4. Da rana lemo, da yamma cakulet.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, zaƙi halal ne. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yana son abin zaƙi da zuma. Magana a kan gwargwado take, kamar yadda hadisin Tirmizi ya karantar da mu a kasa ciki uku: abinci, abin sha, da numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke ƙarawa a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma an fi so ya tsaya a cokali 6. Kwalbar lemo guda tana iya cinye fiye da rabin wannan kason.

Shi cakulet daga 'ya'yan itacen koko ake yinsa, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba da Ghana da Kwaddibuwa. Asalinsa ɗaci ne da shi. Irin mai madara da ake sayarwa a shaguna, kusan rabin nauyinsa sukari ne. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: itacen koko da na goro dangi ɗaya ne, dukansu suna ɗauke da kafin, sinadarin nan mai hana barci. Baƙin cakulet ya fi ƙarancin sukari amma ya fi yawan kafin. Kuma bayan awa 5 da ci, kusan rabin kafin ɗin yana nan a jiki. Saboda haka goro, baƙin shayi, kofi da baƙin cakulet, a tsayar da su daga La'asar.

Sai batun shiri. Wanda ya kwana kan waya, ko ya tashi Asuba komawa yake yi, sai hantsi ya dubi ludayi. Tambayi dillalan shanu a kara ranar Juma'a, wanda ya makara abin da aka zaɓe aka bari yake tararwa. Sahabi Sakhar al-Gamidi (RA), wanda ya ruwaito addu'ar Annabi (SAW) ta neman albarka ga al'umma a sammakonta, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma dukiyarsa ta yalwata. Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, ta koya mana mu jingina shirin gobe ga nufin Allah. Amma "in sha Allah" ba ta ɗauke maka tashi da wuri ba.

Ga abin da za ka gwada na kwana 7:

1. Ka yanke wa waya lokaci, ƙarfe 9 da rabi. A sa ta caji nesa da shimfiɗa. Maigida, da kai za a fara, don yaro ba zai ajiye tasa ba kai kana latsa taka.

2. Kafin ka kwanta, rubuta abu 3 kawai a takarda, ba a waya ba, ka ɗaura kowanne da salla: bayan Asuba kaza, kafin Azahar kaza, bayan La'asar kaza. Shirin da ba shi da lokaci buri ne.

3. Kada ka buɗe data sai ka gama na farko.

4. Rage sukarin shayi da ƙwaya ɗaya duk mako, harshe zai saba. In kwaɗayi ya taso, sha ruwa, ka ci gyaɗa, aya ko gwaiba.

5. Tsarabar yara ta cakulet ta zama ta ranar Juma'a, bayan abinci, ba kullum da daddare ba. Uwargida, a tabbatar sun goge haƙora da makilin ko asuwaki kafin barci.

6. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana taimakawa, amma ba ta biyan bashin barcin dare.

Gargaɗi: mai ciwon sukari ya sani zuma da dabino su ma suna ɗaga sukari, kuma kada ya bar maganin asibiti don wani jiƙo. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Duk mai yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama ba dalili, ko miki da ya ƙi warkewa, ya je Babban Asibitin Wudil ko wanda ke kusa da shi a gwada jininsa kafin ya karya. Idan awon ya kai 126 ko ya wuce, a maimaita, a kuma ga likita.

A tura wa 'yan uwa, amma da rana. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sanya albarka a lokutanmu da iyalanmu.