Kafin fenti ya hau: Aikin ɓoye da ke riƙe da ran jirgin sama ƙirar gida

Filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana tsakanin unguwanni biyu da Hausawan Legas suka sani sarai: Agege daga arewa, Isolo daga kudu. Wanda ya yini a rumfunan 'yan gwangwan na wannan yanki, inda ake ɗora tsofaffin tukwane da firam ɗin tagogi a kan sikeli, ƙarar jirage ba ta barin kunnensa. Abin da ake aunawa a ƙasa da wanda ke ratsa sama dangin juna ne, wato alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo. Ba abin mamaki ba ne idan matashi mai basira ya dubi tarin, ya ɗaga kai, zuciyarsa ta raya masa ƙera jirgi.

An taɓa yi a Arewa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen alminiyam da injin motar Honda Civic, ya kuma ɗaga shi kimanin ƙafa 7. Gwamnati ma ta bi wannan hanya. Jirgin Air Beetle da Rundunar Sojin Sama ta horar da matuƙa da shi, kamfanin AIEP ne ya harhaɗa shi a Kaduna bisa tsarin RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke Amurka, jirgin da mutane ke sayen sassansa su haɗa a garejin gidajensu.

Idon mai kallo kan tsaya a kan inji da farfela. Masu sana'ar kuwa sun san cewa tsawon ran jirgi yana hannun wani aiki da ba a ganinsa bayan an gama: gyaran fuskar ƙarfen kafin a rufe shi.

Ana yawan cewa alminiyam ba ya tsatsa. Gaskiyar ita ce ba ya jar tsatsa. Tasa fara ce kamar gari, tana huda ƙarfe a hankali. Da zarar iska ta taɓa shi, wata siririyar fata kan rufe shi, ta ba shi kariya, amma kuma ta hana fenti kamawa. Ga shi kuma nau'in 2024-T3 da aka fi yin jikin ƙananan jirage da shi yana ɗauke da tagulla fiye da kashi 4 cikin 100. Tagullar ce ke ba shi ƙarfi, ita ce kuma ke sa ya saurin zaizayewa. Saboda haka ake lulluɓe fallen da zallan alminiyam, dabarar da ake kira Alclad. Amma duk inda aka yanka, aka huda, ko aka karce, kariyar ta tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne Isolo ta bambanta da Kano. Laimar iskar Legas kan haura kashi 80 cikin 100 a damina, ga gishirin teku, ga hayaƙin masana'antu. Fallen da zai shekara lafiya a busasshiyar iskar Arewa yana iya fara furfura a Legas cikin watanni. Raɓa kan shige tsakanin falle biyu da aka haɗa da ƙusoshi, ta kwanta inda ido ba ya kaiwa.

Aikin yana da tsari, ba a tsallake mataki. Da farko a kankare kaifin bakin kowace huda, a wanke maiƙo da shatin yatsu da sinadarin cire maiƙo. Sai a goge fuskar da soson roba irin Scotch-Brite har ƙyallinta ya dushe. Soson ƙarfe haramun ne a nan, domin burbushinsa kan maƙale a jiki ya zama tushen zaizaya. Daga nan a shafa ruwan asid mai sauƙi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Gwajin ba ya cin kuɗi: idan ruwa ya shimfiɗu bai-ɗaya, fuskar ta tsarkaka, idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo, sai a koma baya. Bayan haka a jiƙa ƙarfen da sinadarin Alodine, wanda ke barin launin ruwan zinariya, a bar shi ya bushe, a fesa fentin shimfiɗa ba tare da an bari ya kwana biyu ba. Siriri ake fesawa, domin a jirgi kowane giram kaya ne. Alodine da wasu fentukan shimfiɗa suna ɗauke da nau'in kuromiyam mai haddasa ciwon daji, don haka safar hannu da takunkumi mai tace iska wajibi ne, kuma ba a tuttular da ruwan wankin a kwata.

Sakacin wannan aiki ya taɓa cin rai, a jirgin da ya fi na gareji nesa ba kusa ba. Ranar 28 ga Afrilu, 1988, rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha Airlines ya yaye a samaniyar tsibiran Hawai, yana ƙafa 24,000 daga ƙasa, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Bincike ya gano tsagewar ƙarfe da zaizaya a mahaɗar fallaye, a jirgin da ya shafe shekaru cikin iskar teku.

Darasin ya shafi masu riƙe da alƙalami a Abuja. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ita ke da hurumin yi wa jirgin farar hula rajista da tabbatar da lafiyarsa. Amma idan an rufe fiffike da ƙusoshi, babu sufeton da zai ga abin da ke tsakanin fallayen da aka haɗa ba tare da an ɓarke su ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'in da aka kawo wa takardar neman tallafi daga wani matashi maƙeri, ko aka gayyata baje kolin ƙirƙire-ƙirƙire, yana da tambayoyi uku da suka fi yabo amfani: wane nau'in alminiyam ne wannan, me aka shafa masa kafin a rufe, kuma wane ƙwararre ne ya duba ya sa hannu? Matashin da ya iya amsa su ya cancanci a tura shi Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya. Wanda bai iya ba, a haɗa shi da injiniya kafin jirginsa ya bar ƙasa.