Zangon Zamani: Inda Motoci Ke Tsayawa Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa

Bayan azahar ne. Babbar motar fasinja ta baro Yamai tun da asuba, ta wuce Dosso, ta wuce Dogon Dutsi da Ƙonni. Ga ta ta iso Gidan Rumji. Tun kafin direba ya gama taka birki, masu talla sun kewaye ta. Wannan na cewa: "Alhaji, ga kilishi!" Waccan na cewa: "Hajiya, ga ruwa mai sanyi!" Hannuwa na fitowa ta taga, kuɗi na sauka, kaya na hawa. Wani tsoho ya sauko da butarsa, yana waige-waige, yana neman inda zai kama ruwa. Bai gani ba. Sai ya zagaya bayan wata katanga.

Ba a daɗe ba direba ya busa oda. Mota ta tashi, ta bar ƙura da leda a bakin hanya. Cikin wannan ɗan lokaci wasu gidaje sun samu abin cefanen dare.

Haka abin yake kowace rana a Gidan Rumji, da Tsibiri, da Cadawa, da Agye, da Gazawa. Duk waɗannan garuruwa suna bisa hanya guda, wato babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Ita ce ta taso daga yammacin ƙasa, ta ratsa Yamai, ta bi ta jihar Maraɗi, ta nufi Tasawa da Damagaram da Difa har Gigimi. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600. Gidan Rumji na yamma da Maraɗi da kamar kilomita 50. Agye kuwa tana gabas da kusan kilomita 80, Gazawa na gaba da ita kaɗan.

Tun zamanin fatake

Saukar baƙi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa sun san labarin fatake. Su ne masu tafiya Gwanja da jakuna don sayo goro, su yi watanni bisa hanya. Akwai kuma Buzaye masu saukowa daga Abzin da raƙuma ɗauke da gishiri da dabino, su koma da hatsi.

Ayari ba ya sauka inda ya ga dama. Madugu ya san inda ruwa yake, ya san inda akwai ciyawa, ya san garin da ke da amana. Wurin saukar nan shi ake kira zango. Galibi yana bayan gari, kusa da rijiya ko gulbi. Akwai sarkin zango mai kula da baƙi. Matan gari su kawo tuwo da fura, samari su kawo ciyawa da icce. Da safe ayari ya ɗaura kaya, ya bar wa masu gonakin kusa taki. Sunan ya yi nisa ƙwarai: har yau a Kumasi da Akara, cikin ƙasar Gana, unguwar da Hausawa suka zauna ana ce mata Zongo.

Abin lura a nan shi ne, zangon da yana da tsari. An san wurinsa, an san mai kula da shi, an san inda dabba za ta sha ruwa da inda mutum zai kwanta.

Daga baya mota ta karɓe wa jaki da raƙumi aiki. Lokacin da gujiya ke da daraja, manyan motoci ne ke kwasar buhunan da SONARA ta saye. Matafiya kuma suka san motocin SNTN, daga baya na SNTV. Sannan kamfanonin ƴan kasuwa irin su Rimbo suka shigo da manyan motocin fasinja. A shekarar 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram. Tun daga nan tankokin mai suka yawaita bisa hanyar, suna nufar yamma cike, suna dawowa wayam. A wannan shekara ce kuma aka cire Gazawa daga Agye, ta zama gunduma mai kanta.

Motoci sun ƙaru, amma wurin saukarsu bai ƙaru ba. A yawancin garuruwa, zangon mota shi ne bakin kwalta.

Abin da gari ke samu

Ba a raina arzikin bakin hanya. Mahautan Gidan Rumji da Tsibiri sun yi suna da kilishi. Matafiyi kan saya ya kai tsaraba Yamai ko Damagaram. To kilishin nan daga ina ya fito? Naman daga garken makiyayi ne. Gujiyar da aka yi tunkuza da ita daga gonar manomi take. Ke nan idan mota ta tsaya, ba mahauci kaɗai ya yi ciniki ba.

A Cadawa da Agye da Gazawa kuwa aya ce ke kan gaba, don ƙasar ta karɓe ta. Akwai kuma tabarmi da faya-fayai na kaba, da goriba, daga kwarin Gulbin Kaba. Da damina ga dafaffen ƙwan zabi. Da rani ga rake da mangwaro. Matan Fulani na kawo nono da man shanu. Mai shayi ba ya tashi sai dare ya raba. Mai faci, da mai gyaran mota, da ɗan kamasho, da mai kabu-kabu, duk a nan suke ci.

Sai dai wannan ciniki yana rataye ne da tafiyar mota. An gani da ido. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. A 2023 aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. Motocin da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano suka ragu. Mai abincin da ke dafa tukunya biyu ta koma guda. Wanda ya riƙe gonarsa da ƴan awakinsa ya fi jure wa wannan lokaci bisa wanda ya dogara da tebur kaɗai.

Inda hatsari yake

Direban babbar mota mutum ne kamar kowa. Ya wuni yana tuƙi, rana na dukansa, barci na fizgarsa. Idan ya samu fili mai inuwa da tsaro, zai tsaya ya huta. Idan bai samu ba, ɗayan biyu ne. Ko ya ci gaba da tafiya yana gyangyaɗi, wani har ya sha ƙwaya don ya kori barci. Ko kuwa ya tsaya bakin hanya, rabin mota a ƙasa, rabi bisa kwalta.

Motar da ta tsaya haka da dare ba fitila, tarko ce. Doka ta ce a ajiye alama mai kusurwa uku, mai walƙiya, a gaba da bayan motar da ta tsaya. Amma sau da yawa yaron mota ne ke karyo rassan icce ya jera. Reshe ba ya walƙiya cikin duhu. Mai babur ko mai amalanke ba ya ganin motar sai ya zo kanta. Da safe kuma a tashi a bar rassan da duwatsun da aka tokare taya da su, su zama tarkon wani.

Su ma direbobin suna da hujja. A ƴan shekarun nan ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi ƙauyukan iyaka na gundumar Gidan Rumji. Ba mai son kwana cikin daji da kayan mutane. Don haka kowa na matsowa tsakiyar gari, inda akwai fitila da jandarmomi. Ga motoci jere, ga kasuwa, ga makaranta, duk wuri guda.

Yara masu talla su ne abin tausayi. Yarinya na ɗauke da faranti, ta hango mota ta tsaya a ƙetare. Idonta na kan mai saye, ba ya kan hanya. Ta fito da gudu daga bayan babbar mota, direban da ke tafe bai gan ta ba. Wani lokaci kuma mota ta tashi da canjinta, ta bi ta a guje. Uwar da ta aza wa ɗiyarta talla ya kamata ta gaya mata gefe guda da za ta tsaya, ta hana ta ƙetarawa. Ribar faranti guda ba ta biyan kuɗin ɗori.

Sai maganar wuta. Tankar mai ba ta haɗa wuri da murhun mai tsire, ko teburin ƴan ruwa-ruwa masu sayar da fetur a kwalba. A watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta faɗi a Yamai, kusa da filin jirgin sama. Mutane suka taru da jarkoki suna kwasar mai. Wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka rasu. Idan tanka ta faɗi, ko an ga tana yoyo, abin yi shi ne a nisanta, a kore yara da dabbobi, a kashe duk wata wuta, a gaya wa hukuma.

Ruwa, makewayi da leda

Mota guda na iya sauke mutum 60 ko fiye. Kowa ya matsu. Inda ba makewayi, bayan katanga da gonar kusa su ne makewayi. Ƙudan da ya sauka can shi ne ke dawowa bisa nama da ƙosai. Ruwan sama kuma ya wanke ƙazantar zuwa tafki ko rijiyar da ba ta da baki. Ta haka cutar amai da zawo ke tafiya daga gari zuwa gari. Jihar Maraɗi ta sha fama da ita a 2018 da kuma 2021. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙo ya wuce, ɗan gari ne ke zama da abin da aka bari.

Makiyaya kuma kukansu leda ne. Ledar ruwa da ta abinci iska ke kwasa ta kai gonaki da makiyaya. Akuya ko saniya ta ji gishiri da maiƙo a jiki, ta haɗiye. Leda ba ta narkewa a tumbi. Dabba ta yi ta ramewa, cikinta a kumbure, a yi ta ba ta magani a banza. Sai mahauci ya yanka a ga dunƙulen leda. Tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita. Amma wanda ya dubi ƙayar bakin hanya ya san dokar ba ta iso can ba tukuna.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Faransa, bisa manyan hanyoyi, an keɓe wuraren hutu iri biyu. Na farko fili ne mai itatuwa, da ruwa, da makewayi, da wurin zama. Na biyu ya ƙara da gidan mai, da gidan abinci, da kanti. Mota na barin kwalta gaba ɗaya kafin ta tsaya, kuma manyan motoci na da nasu ɓangare dabam. A ƙasashen Tarayyar Turai, direban babbar mota ba ya wuce awa 4 da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45. Akwai na'ura cikin motar da ke rubuta lokacin tafiya da na hutu.

A Najeriya kuwa, Tafa da Mararrabar Jos garuruwa ne da suka girma saboda kwanan manyan motoci. An samu ciniki, an kuma samu cunkoso da haɗura, don a can ma bakin kwalta ne masauki.

Ba sai an yi irin ginin Faransa ba. Abin da zangon mota ke bukata bai wuce abin da zangon fatake ke da shi ba: fili a gefen gari wanda mota za ta shiga ta bar kwalta, da famfo, da makewayin maza dabam na mata dabam, da wurin salla, da inuwar bedi, da rumfuna a ciki don masu talla, da ramin ƙona shara, da mai gadi. Wannan aikin hukumar gari ne, tare da sarakuna da ƙungiyar direbobi. Kuɗin tasha da na kasuwa da ake karɓa, talaka na da ikon tambayar inda suka shiga.

Kafin a sayar da gonar bakin hanya

Duk inda motoci ke tsayawa, ƙasa na tsada. Masu kuɗi na zuwa neman fili don gidan mai ko shaguna. Manomi ya ji kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya sallama. Bayan shekara biyu kuɗi sun ƙare, gona kuma ba ta dawowa. Wani ma gonar gado ce, ya sayar ba da sanin ƴan'uwa ba, a ƙare gaban alƙali.

Tun 1993 ƙasa na da dokar karkara. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, a ƙauye da karamar hukuma da gunduma. A wurinsu ake yin takardar saye, ko ta aro, ko ta haya, ko ta jingina. Mai gona na iya ba da haya na shekaru sanannu maimakon sayarwa, gona ta zauna hannun ɗiyansa. Ya sani kuma akwai wani yanki a gefen kwalta da ke na hukuma, wanda ba a sayarwa, ba a gini a kansa.

Burtali ma haka ne. Ba na mutum guda ba ne, ba a sayar da shi, ba a toshe shi. Idan za a yanka filin tasha ko gidan mai, ya kamata wakilin makiyaya ya zauna cikin shawarar tun farko, ya nuna inda garke ke ƙetare kwalta zuwa mashaya. A wurin nan sai a nemi hukumar hanya ta kafa allo mai hoton saniya, gabas da yamma, inda direba zai hango shi tun daga nesa.