Ƙarfe A Kafaɗa: Ƙwayar Cutar Da Likitoci Ke Gudu Tana Jikinmu

Duk mai bin hanyar Birnin Ƙonni ta Malbaza zuwa Galmi ya san yadda 'yan kabu-kabu da manyan motocin albasa ke kai da komo, ya kuma san yadda ake kwasar mutane da karaya zuwa asibiti. Wasu ɗori ya ishe su, wasu sai an sa musu ƙarfe da ƙusoshi. In kuwa kan ƙashin kafaɗa ya ragargaje, ko tsufa ya cinye shi, akwai aikin da ake cire shi a sa na ƙarfe da roba a madadinsa. Wannan aikin manyan asibitoci ne, amma abin da ake tsoro a cikinsa shi ne dai ake tsoro ga wanda aka sa wa ƙarfe a Galmi ko Tawa, wato ƙwayar cuta.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1893 wani likitan Faransa, Jules-Émile Péan, ya sa wa wani mutum kafaɗar roƙo a birnin Paris, bayan kimanin shekara biyu ala tilas aka cire ta saboda ciwon ya ƙi daina ruwa.

Mu da yawa muna zaton ƙuda da ƙurar kasuwa ne kaɗai ke ɓata miki. To, a aikin kafaɗa babbar mai laifin tana cikin fatarmu. Sunanta Cutibacterium acnes, ita ce ke da hannu a ƙurajen fuskar samari da 'yan mata. Tana zaune can cikin ramukan gashi masu fitar da maiƙo, a kafaɗa da ƙirji da gadon baya, kuma ta fi yawa a jikin maza. Maganin da ake goge fata da shi kafin tiyata ba ya isa gare ta sosai, da wuƙa ta ratsa sai ta bi ta shiga. In ta samu ƙarfe sai ta manne, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. Ga ta da sanɗa: sau da yawa babu zazzaɓi, babu mugunya, sai ciwo da sanƙarewa bayan watanni, ƙarfen ya soma girgiɗa. Ko a ɗakin awo sai a jira har kwana 14 kafin ta bayyana.

Shi ya sa likitoci suka fi ba rigakafi ƙarfi. Wasu kan ba majiyyaci man benzoyl peroxide ya shafa a kafaɗa 'yan kwanaki kafin aiki, sannan a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa guda kafin a yanka. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mutum 11 cikin 100 da aka yi wa tiyata mikinsu na kamuwa, ta kuma ba da shawarar wanka da sabulu kafin aiki, da barin aske wurin da reza, domin reza na barin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani. A kan haka, tsaga da ƙahon wanzami a kafaɗar da za a yi wa aiki ba taimako ba ne. Mai ciwon sukari ya daidaita sukarinsa, mai shan taba ya aje ta.

Sai batun da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata da jinya ke hannunsu. Daga Ƙonni har Ilela babu kasuwar da ba a samun mai tallan kafso, kuma mun saba da maigida ya ce kafaɗa na zugi sai a saya masa biyu ya haɗiye. Ga mai ƙarfe a jiki wannan ganganci ne. Kafson ba zai kashe ƙwayar da ke ƙarƙashin yauƙi ba, sai dai ya ɓoye ta, a yi awo a ga babu komai, alhali tana nan tana cin ƙashi. In abin ya yi nisa, sai an sake buɗe kafaɗar a cire ƙarfen, ga makonni ana shan magani, ga rumfa a rufe.

Wanda ciwo ya dawo wa bayan wata uku ko shekara, ya koma asibitin da aka yi masa aiki da takardunsa, ya faɗi duk maganin da ya sha. Likitoci kan dakatar da irin waɗannan magunguna kamar mako biyu kafin su ɗebi naman da za a auna.