Tauraruwa Mai Wutsiya Da Masu Tsaron Asuba

A zamanin da, in tauraruwa mai wutsiya ta fito, mutane sukan tsorata, su ce alamar yaƙi ce, ko yunwa, ko rasuwar wani babban sarki. Amma masana sun tabbatar ita curin ƙanƙara ce da ƙura, tana kewaya rana. In ta kusato rana sai zafi ya taɓa ta, turiri da ƙura su tashi daga jikinta, su miƙe su ba rana baya. Wannan ne wutsiyar. Tun da yake a kusa da rana take yin haske, galibi a gabas ake nemanta kafin alfijir, ko a yamma bayan almuru.

A ƙasar Japan akwai mutanen da suka mai da wannan nema abin sha'awarsu, ba wanda yake biyansu ko anini. Cikinsu akwai Yuji Hyakutake. Yana ɗan shekara 15, a 1965, ya ga wata babbar tauraruwa mai wutsiya wadda 'yan ƙasarsu biyu, Ikeya da Seki, suka gano da asuba. Tun daga ran nan abin ya shiga ransa. Daga baya har ya ƙaura zuwa jihar Kagoshima, inda hasken fitilun birni ba ya kashe taurari.

Kayan aikinsa tabarau ne na hangen nesa mai ido biyu, faɗin kowane gilashi inci 6, yana ƙara girman abu sau 25. Saboda nauyinsa sai an kafa shi bisa ƙafa. Mai nema yakan bi sama da shi sannu sannu, yana duba abin da ya yi dishi-dishi kamar ɗigon hayaƙi, don taurarin ainihi tsaf suke kamar tsinin allura. In ya ga baƙon abu, sai ya duba taswirar sama, ya kuma jira ya gani ko zai gusa. Wani yakan shekara da shekaru yana shan sanyin asuba bai dace ba.

Cikin Disamba 1995 Hyakutake ya gano wata 'yar ƙarama. A ƙarshen Janairu 1996, da jijjifi, ya sake duba wannan shiyya ta sama, sai ga wata dabam. Ya kai labari Tokyo, masana suka tabbatar, aka sa mata sunansa.

Ran 25 ga Maris 1996 ta wuce kusa da duniya, tsakaninsu wajen mil miliyan 9 kaɗai. A inda duhu ya yi sosai an ga wutsiyarta ta kusa cinye rabin sama. Masana sun ƙididdige ba za ta komo ba sai bayan kimanin shekara 70,000. Shi kuwa ya rasu a 2002.

Yau manyan na'urori masu aiki da kansu ne suke riga mutane gano yawancin waɗannan taurari, har samun suna ta wannan hanya ya yi wuya. Duk da haka masana suna amfani da rahoton masu tsaron asuba game da hasken tauraruwa da tsawon wutsiyarta, dare bayan dare. To, wanda ya mallaki ɗan tabarau, in ya ji labarin fitowarta, ya fita bayan gari kafin gamzaki ya dushe, gama ba ta jiran mai barci.